Sankarar bakin mahaifa: A gani kafin a gasa

A watan Yulin 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ko shakka babu abin a yaba ne. Sai dai a ganina, ma'aunin nasarar cibiyar shi ne makomar matar Dabawa ko Kurfi da sankarar bakin mahaifa ta kama, cutar da aka ƙiyasta ta hallaka mata kusan 8,000 a Nijeriya a 2020.

Idan cutar ta yi nisa, gashi daga waje bai wadatar ba. Dole a haɗa da na ciki, inda ake zura sinadarin gashin ta bututu har dab da ƙarin. Tsohon tsari, wanda aka fitar a Manchesta ta Ingila a 1938, yana auna ƙarfin gashin a ɗigo guda kusa da bakin mahaifa, komai girman ƙarin. Alhali mafitsara da dubura suna maƙwabtaka da wurin. In gashin ya gaza, cutar ta dawo; in ya zarce, yana iya jawo yoyon fitsari.

Shi ya sa tun 2005 ƙwararru a Turai suka ba da shawarar ɗaukar hoton MRI bayan sanya bututun, domin a tsara wa kowace mace gashi daidai da ƙarinta. Binciken EMBRACE na 2021, kan mata sama da 1,300, ya nuna 92 cikin 100 cutar ba ta dawo musu a wurin ba cikin shekara 5. Inda babu MRI, hoton CT yana taimakawa.

Bisa ga haka nake kira ga hukumomi da su horar da masu lissafin gashi, su kuma riƙe su da albashi mai kyau. A ware kuɗin sabunta sinadarin, domin iridiyom yana rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana 74. Gwamnatin Jihar Katsina kuwa ta tanadi masauki da kuɗin mota, tunda ana so a kammala maganin cikin mako 8, kuma matar karkara ba za ta iya zaryar ba ita kaɗai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.