Wa Ya Ba Mu Ikon Yafe Haƙƙin Marayu?

  

Mu da aka danƙa wa alƙalami a zauren dattijo, aikinmu shi ne rubuta abin da manya suka yanke. Mun daɗe a wannan hidima, kuma akwai kalma guda da hannunmu ya rubuta har ya gaji, ita ce "an yafe." Yau muna neman izinin iyayenmu da malamanmu mu faɗi abin da ya daɗe yana ci mana rai: sau da yawa idan aka yi haɗarin mota, abin da muke yafewa ba namu ba ne.

Ga misali guda daga littafinmu, ba tare da ambaton suna ba. Wani mahauci, uban yara biyar, ya fito daga sallar asuba zai tsallaka titi, motar haya ta buge shi. Ya yi kwana uku a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar bakwai sai ga tawaga: shugabannin tasha, kawunnan direba da mai motar, ɗauke da buhun shinkafa da goro da ambulan. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Yayan mamaci ya gyara zama ya ce, "Ƙaddara ce. Mun yafe duniya da lahira." Zaure ya ɗauka da sa albarka, mu kuma muka rubuta. Matar mamaci tana cikin gida tana takaba, ba wanda ya aika a ji ta bakinta. Washegari aka je ofishin 'yan sanda aka roƙi a bar maganar. Kafin shekara ta zagayo, babbar 'yarsa ta bar makaranta tana tallar ruwan leda a Kejetia. Motar nan kuwa tana da inshora mai rai. Ba wanda ya tambaya, har da mu.

Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suna nuna cewa a 'yan shekarun nan fiye da mutum 2,000 ke rasa rayukansu kowace shekara a titunan Gana, waɗanda suke jikkata kuwa sun ninka haka sau da yawa. Ba mu manta da daren 17 ga Fabrairu 2016 ba, da motar safa da ta tashi daga Kumasi zuwa Tamale ta yi karo da babbar mota kusa da Kintampo, mutane da dama suka halaka. Hanyar arewa hanyarmu ce. Mu ne fasinja, mu ne direbobi, mu ne 'yan kamasho, 'ya'yanmu ne a kan babura da kekuna masu ƙafa uku daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Tafo. Babu al'ummar da ta fi mu bukatar sanin hukuncin diyya, amma mun mai da shi abin kunya.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa addini ne. To, mu koma ga addinin. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi magana ne a kan kisan kuskure, wanda ba a yi da niyya ba, irin na direban da birki ya ƙwace masa. Duk da haka Allah ya wajabta kaffara da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai dai in su ne suka bar ta sadaka. Wanda ya saukar da ayar shi ne ya ƙaddara haɗarin, kuma bai sa ƙaddara ta share haƙƙi ba. Ashe wanda ya ce neman diyya ja da ƙaddara ne, da wa yake jayayya?

Duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin jini da haddi. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari dubu ya haura kilo huɗu na zinariya. Mu da muke zaune a ƙasar zinariya mun san abin da wannan yake nufi. Ido ɗaya rabin diyya ne, hannu ɗaya rabin diyya, kowane yatsa raƙuma goma, kowane haƙori biyar. Raunin da ba a yanke masa adadi ba, masana ne suke ƙiyasta shi, kuma ba a ƙiyasta rauni sai bayan ya warke, domin a ga nakasar da ya bari. Shari'ar da ta ƙidaya haƙori ɗaya ɗaya ba za ta ce kunya ce magidanci ya nemi haƙƙin ƙafarsa ba.

Abu mafi nauyi shi ne diyya gado ce. Ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya nemi wanda ke da sani a kan wannan mas'ala, Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta masa ya ba matar Ashyam gadonta daga diyyar mijinta, Umar kuma ya yi hukunci da haka. Mahaucin nan ya bar mata da 'ya'ya maza da mata. Yayansa ba shi da ko pesewa a gadon, domin ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwa. Wanda ba shi da rabo shi ne ya yafe. Ko da shi ne waliyyin marayun, waliyyi ba shi da ikon kyauta da dukiyar maraya. A Risalar ma an bayyana cewa wanda aka raunata bisa kuskure, in ya yafe kafin ya cika, yafewar tasa tana cikin sulusin dukiyarsa ne kawai. Idan mai ran kansa an yi masa iyaka saboda magada, mu 'yan zaure su wane ne?

Hujja ta biyu da ake kawo mana ita ce tausayi: direban namu ne, talaka ne, in an matsa masa gidansa zai rushe. Wannan tausayi na gaskiya ne, muna girmama shi. Amma rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Tun 1958 dokar ƙasar nan ta wajabta wa kowace mota da ke bin titi inshorar da ke biyan wanda motar ta raunata ko ta kashe, mai tafiya a ƙasa ne ko fasinja a motar haya. Mai mota yana biyan kuɗin nan kowace shekara domin irin wannan rana. Idan muka ce mun yafe, ba direba muka sauƙaƙa wa ba. Kamfanin inshora muka yi wa sadaka da abincin marayu, shi kuwa bai ma san sunansu ba. Kana iya yafe wa direba a zuciyarka, ka roƙa masa sassauci, ka ci tuwo da shi, sa'annan ka nemi haƙƙinka a inda doka ta ajiye shi. Shi ma direban a gaya masa gaskiya: in kuskuren daga gare shi ne, azumin wata biyu a jere yana wuyansa, yafewar dangi ba ta ɗauke shi.

Hujja ta uku ita ce inshora haram ce. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta amince da ta taimakekeniya. Gaskiya ne kuma Shehu Mustafa Zarƙa na Sham, wanda ya rasu a 1999, ya halatta ta, yana kafa hujja da tsarin aƙila, wato dangi ko jama'ar da shari'a ta ɗora wa biyan diyyar kuskure a madadin mai laifi. Mun bar wa malamai wannan saɓani. Amma saɓanin a kan mai ƙulla yarjejeniya ne. Bazawara ba ta ƙulla kome da kowa ba. Haƙƙinta take karɓa daga wanda ya ɗauki nauyin biya. Kuma majalisar nan ita ce ta zauna a Burunai a 1993 ta tabbatar da cewa haɗarin mota yana ƙarƙashin hukuncin jinaya, direban da ya yi sakaci yana da lamuni.

Yanzu ga yadda ake nema, domin kada mu tsaya a kan suka kawai. Tushen kome shi ne rahoton 'yan sandan kula da hanya, wato MTTD. Idan dattawa suka je suka kashe magana kafin a auna wuri a rubuta rahoto, sun kashe diyyar tare da ita. A rubuta lambar mota da sunan kamfanin inshorarta da sunayen shaidu. Tun shekarar 2020 akwai rumbun bayanai na inshorar motoci. Ka danna *920*57# a wayarka, ka sa lambar mota, za ka ga ko inshorarta tana da rai ko takardar jabu ce. Sai rahoton likitan da ya duba mai rauni, a Komfo Anokye ne ko wani asibiti, wanda zai faɗi irin raunin da kashi nawa cikin ɗari na nakasa ya bari. In an rasa rai, ana bukatar takardar shaidar mutuwa da takardar kotu da ke ba magada ikon kula da gado.

Ƙiyasi kuwa kashi biyu ne. Akwai abin da ake ƙirgawa da takarda: kuɗin asibiti, magani, hoton ƙashi, kuɗin mota zuwa asibiti, da abin da mutum ya rasa na sana'a a kwanakin jinya. Akwai kuma abin da alƙali ko kamfani ke ƙiyastawa: raɗaɗin da aka sha, nakasar da ta rage, da raguwar ƙarfin nema har ƙarshen rayuwa. Ga mamaci ana duba shekarunsa da abin da yake kashe wa iyalinsa da tsawon lokacin da za su ci gaba da dogara da shi. A ɗauka tela ne yake samun sidi 100 a rana, kwana shida a mako, karaya ta kwantar da shi wata shida. Mako 26 ke nan, sidi 15,600, ba a sa magani ba, ba a sa ɗingishin da zai mutu da shi ba. A ajiye wannan kusa da ambulan ɗin da ake turo mana ƙarƙashin tabarma, a ga tazarar. Galibinmu ba mu da takardar albashi, don haka a adana rasiɗi kome ƙanƙantarsa, da littafin ciniki, da katin adashi, da bayanan kuɗin waya, da shaidar shugaban sana'a.

A kiyaye abu uku. Na ɗaya, lokaci: dokar 1972 ta ba mai rauni shekara uku ya shigar da ƙara, dokar 1963 kuma ta ba iyalan mamaci shekara uku daga ranar rasuwa. Bayan nan sai ihu bayan hari. Na biyu, kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar sallama kafin rauni ya warke kuma wani amintacce ya karanta ta, domin da zarar an sa hannu ƙofa ta rufe. Na uku, a yi hattara da dillalan da ke kewaya gadajen marasa lafiya suna alkawari. A yi yarjejeniyar lada a rubuce tun farko. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nufi Hukumar Taimakon Shari'a. Wanda kamfani ya ja masa rai ya kai kuka Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, tana da ofis a nan Kumasi. Ko da motar ta gudu ko ba ta da inshora, hukumar tana da asusu na musamman domin irin waɗannan mutane. Abin da asusun ke bayarwa yana da iyaka, amma ya fi babu.

Ba mu ce hanyar tana da sauƙi ba. Akwai zirga-zirga, akwai kuɗin rahoto, akwai "dawo gobe." Wannan ne ma ya sa bai kamata a bar bazawara ita kaɗai ba. Al'ummar da ke iya tara kuɗin tanti da kujeru da abincin sadakar arba'in cikin kwana biyu tana iya biyan rahoton likita. Muna da 'ya'ya lauyoyi da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da suka tashi a lungunan nan. Me ya hana kowace unguwa ta ware mutum uku da za a kira ranar haɗari, kamar yadda muke da masu wanka da masu haƙar kabari?

Sulhu alheri ne, kuma baligi mai hankali da ya san adadin haƙƙinsa ya ce ya bar wa Allah, ladansa yana wurin Allah, ba mai zarginsa. Abin da muke ƙi shi ne yafewar da aka yi da bakin wani, da wadda aka karɓa da kunya a gaban taro, da wadda aka yi cikin duhun jahilci. Saboda haka muna roƙon sarakunanmu da limamanmu su sa wannan ƙa'ida a kowane zaure: ba za a karɓi "mun yafe" ba sai an lissafa magada, an gaya musu kimanin abin da ke nasu, an ji ta bakin matar mamaci ta hannun muharraminta, an kuma ware rabon ƙananan yara wanda ba mai ikon taɓa shi.

Mu dai mun shaida wa maigidanmu, Allah ya ƙara masa lafiya, cewa alƙalaminmu ba zai sake rubuta wannan kalma a kan rabon maraya ba, kuma ya sa mana albarka. Abin da muka rubuta a baya muna neman gafarar Allah da ta yaran da muka zalunta da shirunmu. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amana.