Maganin wanke inji ba ya ɗauke wa mai mota gyara

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa da marece yana ganin hayaƙin da motoci da kabu-kabu suke barin baya. Mafi yawan motocin ƙasar nan sun yi aiki shekaru a Turai kafin su iso, kuma jama'a ce take shaƙar abin da suke fitarwa, tun ba mata masu sana'a a bakin hanya da ƴan makaranta ba.

Saboda haka ne ake ƙara ganin ƴan kwalabe na maganin wanke inji a kantunan kayan mota. Masu sayarwa suna cewa kwalba ɗaya cikin tanki ta isa ta kashe hayaƙi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Ga yadda abin yake. Idan mota ta daɗe tana aiki, dauɗa takan taru a bakin anjektar da cikin karbirata. Daga nan mai ba ya fita daidai, ba ya ƙonewa sarai, sai mota ta yi ta shan isansi tana tuƙa hayaƙi. Magani mai kyau yana narkar da wannan dauɗa sannu a hankali. Ana zuba shi ne lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, sa'an nan a cika da mai, bisa awon da aka rubuta a jikin kwalba. Na isansi daban, na gazuwal daban, ba a musanya su.

Iyakar aikinsa ke nan. Hayaƙi mai shuɗi alama ce inji yana ƙona bakin mai, don zobban fistan sun cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa ya shiga inda mai yake ƙonewa. Baƙin hayaƙi kuwa sau da yawa daga matatar iska ne, wadda ƙurar hunturu ta toshe. Babu kwalbar da take warkar da ɗaya daga cikin waɗannan. Haka nan motar da aka cire wa katalizar, wato tukunyar tace hayaƙi, aka sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta, za ta ci gaba da fitar da guba. Iskar da ake kira monoksid na karbon ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kisa.

Sai batun man kansa. Tun shekarar 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ta fara tace man Agadem, ƙarfinta ganga 20.000 a rana. Duk da haka direbobi da yawa suna sayen man ruwa-ruwa na kwalba, wanda ƙura da ruwa suke shiga cikinsa a bakin hanya. Wanda ya zuba magani yau, gobe ya zuba gurɓataccen mai, ya yi aikin baban giwa.

Duniya ta riga ta nuna cewa gyaran mai tun daga tushe yana yiwuwa: ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar isansi mai darma a 2006, duniya baki ɗaya ta rabu da shi a 2021.

Don haka nauyi ya hau kan kowa. Mai mota ya canza bakin mai da buji da matatar iska a kan lokaci, ya kai motarsa ga makanike kafin ya sayi magani. Hukumomin binciken lafiyar motoci su dinga auna hayaƙi da gaske, na kasuwanci kuma su sa ido a kan kwalaben da ake shigowa da su. Ma'aikatun gwamnati su fara da motocinsu, su zama abin koyi. Rigakafi ya fi magani.