Kafin mu ɗaga tuta a ranar al'adu, mu san inda kowace za ta tsaya

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu.

Lokacin bukukuwan ranar al'adu ya matso, kwamitoci sun fara zama. Ana maganar kuɗin abinci, da masu kalangu, da wanda zai naɗa wa shugaban ƙungiya rawani. Maganar tuta kuwa sai ranar taro da safe ake tunawa da ita, a tura wani ɗan aji ɗaya ya je ya ɗaura yadda ya ga dama. Ni a ganina wannan sakaci ne da zai iya jawo mana magana, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na sha gani a tarukanmu shi ne, tutar ƙungiya mai Dagin Arewa sabuwa fil, ƙatuwa, tana can sama. Tutar Najeriya kuma 'yar ƙarama, ta koɗe, an maƙale ta a gefen lasifika. Wani wurin ma ita ake shimfiɗawa a teburin manyan baƙi, a jera mata lemo da ruwan roba. Na san babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Amma wanda ya ga hoton a Facebook bai san nufinmu ba, abin da idonsa ya gani kawai zai fassara. Mu kuma da ke zaune a garin mutane, kun san yadda ake saurin yi mana fassara.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan tutar ƙasa za ta tsaya da ta jiha, ko ta jami'a, ko ta ƙungiya, ita ce babba. Kada wata ta fi ta girma, kada wata ta fi ta tsayi. Idan tutoci biyu ne, ta Najeriya tana hannun damar mai jawabi, wato hannun hagun masu kallo. Idan uku ne, tana tsakiya. Ita ake fara ɗagawa, ita ake saukewa a ƙarshe, kuma ba a barin ta ta taɓa ƙasa.

Idan kuma tutar wata ƙasa ce, lissafin ya canza. Muna da 'yan uwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da ke shiga tarukanmu, kuma daidai ne a karrama su. A nan babu babba babu ƙarami: girma ɗaya, tsayi ɗaya, kowace da sandarta. Ba a ɗora tutar wata ƙasa a kan ta wata a sanda guda, domin a al'adar ƙasashe wannan alamar an ci ka da yaƙi ce. Ta Najeriya tana riƙe wurin girmamawa ne kawai saboda ita ce mai masaukin baƙi. Shi ya sa a gaban hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ake jera tutoci bisa tsarin haruffan sunayen ƙasashe, Amurka ba ta fi Nijar tsayi ba ko da taƙi ɗaya. Sannan a lura da sama da ƙasa: ta Nijar ruwan lemo ne a sama, kore a ƙasa. Ka juya ta, ka ɓata wa baƙonka rai alhali karrama shi ka yi niyya.

Akwai kuma tutar Saudiyya da wasu ke son kawowa taro. Kalmar shahada ce fa a jikinta. Saboda haka ne su kansu Saudiyya ba sa sauke ta zuwa rabin sanda ko da sarki ne ya rasu. To in an tashi taro, wa zai tsaya ya tabbatar ba a bar ta cikin kujeru ana takawa ba? In ba mu da amsa, gara kada a kawo ta.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ƙasar me ta yi mana? A 2022 wata takwas muka yi a gida saboda yajin aikin ASUU." Gaskiya ne, kuma ni ma ya ci min lokaci. Amma tuta ba ta gwamnati mai ci ba ce. Ɗalibi ne kamarmu ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan a 1959, aka ba shi ladan fam 100. Aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960, Sir Abubakar Tafawa Balewa yana Firayim Minista. Gwamnatoci nawa suka zo suka wuce, tana nan. Kuma wannan kore da farin su ne hujjarmu ta zama a nan. Da su ɗan Gusau ko ɗan Potiskum yake shiga aji a Kudu ba tare da biza ba. Duk ranar da muka ƙasƙantar da ita muka ɗaukaka ta yanki, mun ba wa mai cewa mu koma garinmu abin faɗa. Mu da ranmu ke ɓaci idan muka ga wasu sun ɗaga tutar ɓallewa, bai kamata a ga irin wannan hoton a taronmu ba.

Ga kuma doka. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa girmama tutar ƙasa cikin wajiban kowane ɗan ƙasa, kuma dokar tutoci ta mayar da ɗaga yagaggiya ko lalatacciyar tuta laifi. Wanda yake ganin ƙyalle ne kawai, ya tuna watan Agustan 2024. Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, matasa sun ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna, aka kama mutane har da telolin da suka ɗinka. A watan Nuwamba muka ga yara ƙanana a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna faɗuwa don galabaita, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Ko kana ganin an zalunce su, darasin yana nan: hukuma ba ta ɗaukar tuta da wasa, kuma ɗan talaka ne ke kwana a ciki.

Shawarata ga shugabanninmu ita ce, kowane kwamiti ya ware mutum ɗaya wanda tuta ce aikinsa, tun daga ɗagawa har ninkewa. A cire kuɗin sabuwar tuta daga kasafin taro, ba ta kai kuɗin kwalin lemo biyu ko uku ba. A gaya wa tela layukan a tsaye suke, kore, fari, kore, faɗinsu ɗaya, kuma tsawon tutar ninki biyu ne na faɗinta. Tutar wata ƙasa kuma kada ta shigo sai da dalili bayyananne da sanin ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Don Allah wanda ke cikin kwamitin bana ya kai wannan magana zaman gaba. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya mayar da mu gida lafiya.