Tukunyar burkutu ma daji take ci

Ni ba na shan burkutu, kuma na san wasunku za su tsuke fuska da jin sunanta. To amma tukunyar da ake tafasa ruwan tsiron dawa a ciki awa da awanni, itace take ci, kamar ta mai kunu da mai tuwo nan Maourey. Dajin da ake sarewa a kawo Yamai kuwa namu ne duka.

A Turai da Amurka, wasu masu haɗa giya a gida sun koma murhun lantarki mai maganaɗisu. Gindin tukunya kawai yake zafafawa, ba hayaƙi, ba toka. Sai dai tukunyar dole ta zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Ta ƙasa da ta dalma, waɗanda iyayenmu mata ke girki da su, ba ya aiki da su. Ƙaramin murhun ma kan ja wat 2000.

Ina kuran ɗin? Mun gani a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wuta, yadda gari ya shiga duhu. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta rage zafi, amma ba ta wadatar ba.

Saboda haka, 'yan uwa, kafin mu ce wa mai dafuwa ta bar itace, mu matsa wa hukuma ta ba ta wutar da ba ta ɗaukewa tukunya na tsakiyar tafasa, da farashin da za ta iya biya.