Gem ɗin da ake bugawa da motsin hannu: a duba yaro kafin a sayi ƙwaya

Makon jiya wani Alhaji mai harkar shanu a Gariki, nan Enugu, ya shigo kantinmu yana neman "maganin ciwo mai ƙarfi". Ɗansa mai shekara 13 ne ke kukan wuyan hannu da kafaɗa. Na ce, "Alhaji, faɗuwa ya yi?" Ya ce ko kusa, yaron ma ba ya fita, kullum yana ɗaki da gem. Har ya ƙara da cewa irin na motsa jiki ne ya saya masa, don haka bai ga laifinsa ba.

A nan iyaye da yawa ke ruɗewa. Tun 2006 da kamfanin Nintendo ya fito da Wii, aka samu rimot mai gane motsin hannu; Sony da Microsoft suka biyo baya da nasu a 2010. A wasannin dabara irin su Pikmin, inda yaro ke jagorantar rundunar ƙananan halittu, wannan ya kawo sauƙi ƙwarai. Nuna allo kawai zai yi da hannu ya tura wasu ɗauko kaya, wasu faɗa, wasu gina gada. Wasan ya ƙara zurfi, ana tunani, ana lissafi, kuma ni ban raina wannan ba.

Amma ba motsa jiki ba ne. Yaro na zaune, hannu a miƙe, wuyan hannu kaɗai ke juyawa sau ba adadi. Wasan dabara kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Sai a shafe awa uku ba a ankara ba. Jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi ita ke gajiya ta kumbura. Tun 2007 wani likita ya rubuta labarin irin wannan ciwon kafaɗa a mujallar New England Journal of Medicine, bayan shi da kansa ya shafe awanni yana tanis a Wii.

Abin da na faɗa wa Alhaji: a ajiye gem na 'yan kwanaki. A naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora wajen minti 15. In zafin ya matsa, farasitamol gwargwadon nauyin yaron ya isa. Ibuprofen sai da abinci a ciki, kuma a tambaya tukuna in yaro na da asma ko gyambon ciki. Asfirin ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne. Tiramadol kuwa, ko maganarsa kada a yi, duk da na san yadda ake samunsa a saukake daga Onitsha har Fatakwal.

In ya koma wasa, ya jingina gwiwar hannu kan matashi, ya riƙa tashi duk rabin awa. In yatsu sun fara sanƙarewa, ko ciwon ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti.

Alhaji ya tafi da farasitamol, yana mita wai ya zo sayen magani an ba shi aikin gadi.