RIGAR UBANKA BA TSUMMA BA CE



Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in amayar da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun Sallar Layya. Ni ɗaya ne daga cikin samarinku da neman abinci ya kai birnin Riyad, tuƙin mota na ke yi a can. Abin da zan faɗa kuwa ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi shi.

Ran Salla, da aka sauko daga Idi, mu 'yan Zango muka taru a ɗakin wani ɗan'uwanmu wajen Batha, yadda muka saba. Kowa ya sha farar jallabiya da jan hirami, ya ɗora baƙar igiyar nan da Larabawa ke kira iƙal. Ni kuwa na sa rigar mahaifina, Allah ya jiƙansa, saƙi ce mai aska takwas. Ina shiga sai ɗaki ya kaure da dariya. Wani ya ce ko labulen gidanmu na kwaso, wani ya ce nan ba a sa kayan ƙauye.

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya hana ni cin nama ran nan shi ne maganar wanda ya fi kowa dariya. Yana yafe da alkyabbar Larabawa, watau bishti, yana ta juyi. Da bakinsa ya gaya mana cewa da ubansa ya rasu ya aika wa ƙanensa a ba dillali rigunan tsohon guda uku, ya haɗa kuɗin da nasa ya sayi bishtin nan a Kasuwar Zal. Ya ce har tsohuwarsa ta roƙa a bar mata ɗaya, ya ce mata ajiyar tsumma ce. Jama'a, ku ji fa! Yana faɗi yana alfahari.

To, kada a juya mini magana. Ban ce kwaikwayon ado laifi ne ba, kuma dattawan da ke la'antar duk yaron da ya komo gida da jallabiya su ma su saurara. Ina ƙabilar da ba ta ari ado ba? Alkyabbar da sarakunanmu ke taƙama da ita ta hamada ta zo daga ƙasashen Magrib. Jar dara ma haka. Hular Zanna Bukar sunan wani babban mutumin Barno ta ke ɗauke da shi, Zanna Bukar Dipcharima. Gezna da mu ke rububi a kanta a Ostiriya a ke saƙa ta, atamfar iyayenmu mata kuwa mafi daraja daga Holan ta ke zuwa. Su kansu Larabawan, yadin jallabiyarsu mai tsada daga Japan a ke kawo shi. Mahaifina ma ya yi nasa aron: karin hularsa wajen wani Babarbare abokin cinikin goro ya gani, ya so, ya ɗauka. Amma ya ara ya ƙara a kan nasa, bai sayar da rigar ubansa ya saya ba. Nan ne bambancin ya ke.

Yanzu gare ku samari 'yan'uwana. Mutanen da ku ke kwaikwayo, kun taɓa ganin sun zubar da nasu? A 2022 Sarki Salman ya ba da umurni a riƙa bikin Ranar Kafuwa kowace 22 ga Fabrairu, don tunawa da 1727, shekarar da Imamu Muhammadu ɗan Sa'udu ya kafa mulki a Dir'iyya. Ran nan sai ka ga Riyad ta cika da kayan kakanni, kowane yanki da irin nasa, 'yan makaranta da ma'aikatan ofis duk sun tono adon da. Kasuwar Zal ɗin da abokinmu ya je, kusa ta ke da ganuwar Masmak da Sarki Abdul'azizu ya kama a 1902, kuma abin da ya ɗaukaka ta shi ne tsofaffin kaya: darduma, takubba, butocin gahawa. Balarabe na biyan kuɗi ya sayi tsohon abin kakansa, kai kana karɓar kuɗi ka rabu da na ubanka. Wa ya fi wani wayo?

Har wa yau bishti ba rigar yawo ba ce wajen masu ita. Ta ango ce, da liman, da alƙali, da 'ya'yan sarauta, masaƙan Ahsa kuwa sun shahara da yin mai kyau. Da Sarkin Ƙatar ya so girmama Messi a 2022, bayan Ajantina ta ci kofin duniya, bishti ya yafa masa a gaban duniya. Kayan ƙasarsa ya ɗauka ya yi karamci da shi. Kai direba kamata, ka yafa ta kana zagaya Batha, ka sani ba ka zama ɗan sarki ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Waɗansu kuma su kan fake da addini, su ce jallabiya da hirami su ne tufar Musulmi. Malamanmu na nan, a tambaye su. Abin da muka koya a makarantar allo shi ne tufa ta rufe al'aura, ta zama mai tsabta, kada a ja ta don girman kai. Wace daga cikin waɗannan babbar riga ta kasa? Malam Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, da sauran malaman da suka karantar da Zango tun daga Salga har Kumashi, ba su jira jan hirami ba kafin su zama malamai.

Kuma wa ya ce kayanmu na ƙauye ne? Baturen nan ɗan Jamus, Dokta Barth, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano har Tumbuktu da Tarabulus a ke kai su. Irin rigunan da dillalai ke kwasa daga gidajenmu a banza, yau akwai su ajiye a babban gidan tarihi na Landan. Daren 6 ga Maris, 1957, da Kwame Nkrumah ya hau dandamali a Ankara ya yi shelar mulkin kai, batakari na Arewa ne a wuyansa, ga shi kuwa mutum ne da ya yi karatu a Amurka da Ingila.

Bari in gaya muku abin da ke cikin labulen nan da aka yi wa dariya. Wajen wani Banufe mutumin Bida mahaifina ya saye ta, sai da ya yi kakar goro biyu kafin ya gama biya. Da ita ya raɗa mini suna, da ita ya ɗaura auren yayyena mata. Bakin aljihunta akwai faci inda wuƙar yankan goro ta huda, mahaifiyata ce ta ɗinke da hannunta. Ran da na fara sa ta bayan sadakar arba'in, na naɗe hannun a kafaɗa ban sani ba, sai na ji tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce daidai haka ya ke yi. A gaya mini a wace kasuwa a ke sayar da wannan.

Sabo da haka ina kawo wa ƙungiya shawara uku. Ta farko, in an zo rabon gado a yi wa rigar mamaci kuɗi, magaji ɗaya ya ɗauka cikin rabonsa, ba a tauye hakkin kowa ba, riga kuma ba ta bar gida ba. Ta biyu, ran taronmu na shekara kowa ya zo da rigar ubansa ko zanen uwarsa, ya gaya wa yara labarinta, a yi wa masu ita addu'a, don addu'ar ce ke kai musu, ba zare ba. Ta uku, tsofaffin da suka iya ɗinkin hannu sun kusa ƙarewa a Zango, a sa yara su zauna gabansu tun suna da sauran gani.

Ni gobe ma jallabiya zan sa in tafi aiki, don ita ta dace da zafin Riyad, ba na kuwa jin kunyar haka. Amma ran Salla mai zuwa, in Allah ya kai mu, saƙin nan zan sa, mai dariya ya tanadi haƙoransa. Ɗan'uwana mai bishti kuma, in takardar nan ta iske ka, ka aika a nemi dillalin nan tun bai yi nisa ba, ka fanso ko ɗaya ka kai wa tsohuwarka. Kyan ɗa ya gaji ubansa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama lafiya. Wassalam.

Naku,
Ɗan Zango a Riyad.