A Bar Mai Juna Biyu Ta Faɗi Damuwarta

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, akwai cutar da ke cin matanmu a ɗaka, mu kuwa muna kiranta laulayi ko shagwaɓa. Ita ce ciwon damuwa. Mace mai juna biyu ta yi makonni ba barci, ba cin abinci, ba walwala, sai kuka ba dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, mata masu ciki fiye da 15 cikin ɗari na fama da irin wannan larura. In an ƙyale ta, takan hana zuwa awo, ta jawo haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi.

A gida Arewa, mace na da uwa da gwaggo, ga kuma goyon ciki. A Agege ko Sabo fa? Maigida ya fita kasuwa tun asuba, maƙwabta ba sa jin harshenta, kunya kuma ta rufe mata baki.

To, yanzu ana jinyar wannan ciwo ta wayar hannu. Ƙwararre zai riƙa tattaunawa da ita mako-mako, yana koya mata gane munanan tunani da yadda za ta sauya su. Ba sabon abu ba ne. An gwada irin wannan jinya ta baki a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, ta yi amfani, har Hukumar ta fitar da littafin koyar da ita a 2015. Waya ta rage tafiya ce kawai.

Amma magani a harshen da ba ka ji, ai rabin magani ne. Tun da an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, wajibi ne sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu su nemi asibitoci irin na Yaba da Aro su tanadi mata masu jin Hausa don wannan aiki.

Kai kuma maigida, ka ba ta waya, ka sa mata kati, ka ba ta wuri, kada ka tsaya sauraro. Sai dai a sani, waya ba ta maye gurbin awo. In kuwa ta fara zancen kashe kanta, a garzaya da ita asibiti nan take. Amana ce aka ba mu daga gidan iyayenta. Allah Ya sauke su lafiya.